Dama Bakwai, Hagu Biyu

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran agogo a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, a nan birnin Solo. Babu wanda ya koya mini. Ina ɗan shekara goma sha biyu na kwance agogon mahaifina, na sha duka, na zauna na mayar da shi. Tun daga ranar na ɗauka cewa duk abin da mutum ya haɗa, wani mutum zai iya gane shi idan ya zauna ya dube shi da kyau. Wannan ra'ayi ya ciyar da ni da iyalina. Shi ne kuma ya kai ni ga abin da ya faru ranar bikin 'yata Ningrum, wanda har yau ban gama sanin laifin wane ne ba.

Ningrum ta fara sa tabarau tana 'yar shekara bakwai. Idonta na dama ne mai rauni, lambarsa bakwai, na hagu kuwa biyu kacal. Saboda haka gilashin dama yana da kauri kamar gindin kwalba, na hagu siriri, kullum tabarau ɗin a karkace yake a kan hancinta. Ni nake ɗaure mata shi da kayan gyaran agogo. Ta girma a haka, ta zama malamar lissafi a birnin Semarang, tana da shekara ashirin da takwas ta kawo mana Gunadi, wani mai shiru-shiru da ke aiki a tashar jirgin ƙasa, ta ce shi take so.

Da aka sa rana, matata Tuminah ta je ta kama Bu Sumirah, mai kwalliyar amare ta unguwarmu. Bu Sumirah ta dubi hoton Ningrum, ta ce komai zai yi kyau, amma ban da tabarau. Ba za ta zauna awa huɗu tana zana baƙin goshi tana bi da ruwan zinariya ba, sannan a zo a ɗora mata gindin kwalba a kai. Amarya ta gaske, in ji ta, ita ce wadda za ta fito gwaggonta ma ta kasa gane ta. Amarya da tabarau kuwa, ai malama ce ta zo duba jarrabawa. Ta ce a nemo gilashin cikin ido, ɗan abin nan mai laushi kamar ɓawon albasa da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ita da kanta za ta sa mata.

Ningrum ba ta taɓa sa shi ba, amma ta yarda. Da ta kira ni a waya ta ce duk sauran shirye-shiryen ta bar wa mahaifiyarta, launin rumfa, yawan kujeru, irin abinci, babu ruwanta.

"Ni abu ɗaya nake so, Bapak," ta ce, haka take kirana, wato Baba. "Lokacin da za a kawo shi gabana, ina so in ga fuskarsa. In san ko dariya yake yi ko tsoro yake ji."

Ta ce in je wurin Koh Bing in tambayo yadda ake yi.

Koh Bing shi ne mai shagon tabarau da ke tsallaken titi daga rumfata. Shi ya yi wa Ningrum duk tabarau ɗinta, ni kuma nake gyara masa agogon bango. Na shiga da katin da ya rubuta mata lambar idonta bara waccan, na ce ya ba ni gilashin cikin ido daidai da wannan. Ya karɓi katin, ya mayar mini. Ya ce sai na kawo ta. Awon awa guda ne, rupiya dubu ɗari da hamsin, bayan mako kuma ta dawo ya sake dubawa.

Na tuna masa cewa shekara ashirin yana auna idon yarinyar nan bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ya ce wancan awon tabarau ne, kyauta ne. Wannan daban. Na tambaye shi ko idon ne ya canza. Ya ce a'a. Na tambaye shi ko rubutun da ke katin ba nasa ba ne. Ya ce nasa ne.

"To, Koh, ido ɗaya, lamba ɗaya, mai awo ɗaya. Me zan saya da dubu ɗari da hamsin?"

"Awata guda za ka saya, Pak Kasiran," ya ce. "Kai dai kawo ta. Ido ba agogo ba ne da za ka turo mini lambar batir."

Ya fara wani bayani game da lanƙwasar ido da koyon sawa da cirewa, sai wata mata ta shigo da karyayyen tabarau, ya juya wurinta. Na fito.

Kwana uku maganar tana cina. Kuɗin ba su ne suka dame ni ba, hayar kujeru kaɗai ta ninka su sau goma. Abin da ya tsaya mini shi ne ban gane ba. Ni idan mutum ya kawo agogo, ina buɗe bayansa in duba, ban taɓa cewa a biya ni kuɗin dubawa ba. Idan awon farko gaskiya ne, na biyu na mene ne? Idan kuma na biyu ne na gaske, to me ya yi shekara ashirin yana ba mu kyauta? Wani lokaci sai in ce Koh Bing mutumin kirki ne, ba zai cuce ni ba. Can kuma sai in ce mutumin kirki ma yana iya gadar wata al'ada ta sana'a ya yi ta bi, bai taɓa tambayar dalilinta ba. Na juya abin ta kowace fuska har Tuminah ta ce ina magana ni kaɗai a kan tuwon shinkafa.

Sannan ga wata hujja da ta zo mini a sauƙaƙe. Ningrum ba za ta sami hutu ba sai saura mako guda, kuma daga ranar da ta shigo gida ta shiga zaman ɗaka, ba za ta taka ƙofar waje ba sai ranar biki. Ta yaya zan ja amarya in tsallaka titi da ita a gaban 'yan kasuwa? Na san da na ce ta zo wata Asabar kafin nan, da ta zo. Ban ce ba.

Na hau bene na biyu na kasuwa, inda ake sayar da kayan kwalliya. Wata mata ta dubi katin, ta miƙo mini 'yan kwali biyu, ɗaya an rubuta bakwai, ɗaya biyu, ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba. A rumfa na ɗauki alƙalami na rubuta dama a kan na bakwai, hagu a kan na biyu, da manyan baƙaƙe. Ni mutum ne mai tsari. Da na koma gida na ce wa Tuminah, daga baya kuma na ce wa Ningrum, Koh Bing ya duba katin ya ce ya wadatar.

Ranar biki aka ɗaura aure da sassafe a masallacin unguwa. Tun kafin nan Bu Sumirah ta shige ɗaki da amarya, ta rufe madubi da zane, don ba a son amarya ta ga kanta sai an gama. Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa mata kwalayen, na fara nuna mata rubutun.

"Pak Kasiran, amare fiye da ɗari biyar na sa wa wannan abu," ta ce. "Je ka duba agogonka, ka bar mini nawa aikin."

Ningrum ta cire tabarau ɗinta ta miƙo mini ta bayan labule, ta ce in riƙe mata. Na sa shi a aljihun rigata.

Wajen ƙarfe goma makaɗa suka fara, aka fito da ita. Ni kaina sai da na ɗan tsaya. Baƙin goshi, furannin yasmin har ƙirji, idanu manya waɗanda ban taɓa gani ba tare da gilashi a gabansu ba. Na ji ƙanwar Tuminah tana tambayar ta kusa da ita wai da gaske Ningrum ce. Bu Sumirah tana biye, tana karɓar yabo da ka. Amarya tana tafiya a hankali, kanta a sunkuye, kamar yadda ake so. Amma na lura da ƙafarta. A matakalar baranda, wadda take hawa tun tana rarrafe, ta miƙa yatsun ƙafa tana laluben gefe. Na ce wa kaina ƙila ɗaurin zane ne ya matse ta.

Aka kawo Gunadi daga bakin ƙofa, kawunsa Pakde Harjo a damansa, wani dattijo a hagunsa, su ukun duk da huluna iri ɗaya. Aka tsayar da su taku biyar daga amarya, aka ba ango da amarya naɗaɗɗun ganyen sirih, wani ganye da ake taunawa, su jefi juna kamar yadda aka saba. Wannan ne lokacin da ta ce tana so. Na dubi fuskarta. Ta ɗago kai, ta lumshe ido ɗaya, ta buɗe, ta lumshe ɗayan. Gunadi ya jefa nasa, ya sauka a kafaɗarta. Ita ta jefa na farko ya faɗi a tsakiyar fili. Na biyu ya tafi kai tsaye ya sami Pakde Harjo a kunne.

Wuri ya ɗauki dariya. Pakde Harjo ya dafe kunne ya ce shi dai matarsa tana nan zaune, a yi masa rai. Wani daga baya ya ce malamar lissafi ta kasa lissafin taku biyar. Ganyenta na uku ya wuce ta saman kan kowa. Na yi dariya tare da mutane, amma idona yana kanta.

Da ango ya taka ƙwai kamar yadda al'ada ta tanada, ta durƙusa za ta wanke masa ƙafa, ta zuba ruwan furanni a gefen ƙafar, sai da Gunadi ya matso da ita ƙarƙashin ruwan a ɓoye. Hawaye suna gangaro mata ta ido biyu. Amare suna kuka, ba abin mamaki ba ne, amma wannan ba ya tsayawa. Mahaifiyar ango ta sunkuyo wajen Tuminah tana murmushi, ta tambaya a hankali ko dai akwai wanda aka baro a Semarang. Tuminah ta yi dariyar yaƙe, ta tsungule ni a hannu, ta ce in yi wani abu. Ban san abin da zan yi ba. Ina ta lissafi a kaina: bakwai da biyu, na duba sau uku, rubutuna yana nan. Ko katin ya tsufa? Ko matar bene ta ba ni na bogi? Ko kuwa lanƙwasar idon nan da Koh Bing ya fara faɗa, wadda ban tsaya na ji ƙarshenta ba?

Sai aka zo wurin neman gafarar iyaye. Muka zauna a kujera ni da Tuminah, amarya ta taho da gwiwoyi, ta kifa fuska a kan gwiwata. A nan 'ya take roƙon ubanta ya yafe mata duk abin da ta yi masa tun haihuwa, ya sa mata albarka. Na sunkuya don in ji.

"Bapak, haka abin nan yake?" ta ce. "Ido ɗaya hazo, ɗayan kuma komai ya ƙanƙance yana rawa. Kaina kamar zai tsage. Ban gan shi ba. Huluna uku na gani."

Ta ce ta yi shiru ne tun a ɗaki don ta ɗauka haka kowa yake ji da farko, tun da Koh Bing ya ce ya yi.

Mai ɗaukar hoto yana tsaye a kanmu, mutum ɗari uku suna kallo, makaɗa sun sassauta. An zaunar da ni ne don in yafe. Na sa bakina kusa da kunnenta.

"Nduk, 'yata, Koh Bing bai ce ya yi ba. Cewa ya yi in kawo ki, ni na ƙi. A bene na sayo. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Na ji hannunta ya ɗan matse gwiwata, ban san ko fushi ne ko jiri ba. Mutane suka ga uba da 'ya sun daɗe a sunkuye, wasu mata suka fara share hawaye, na ji ana cewa dubi yadda suke ƙaunar juna. Daga baya ta ce in kai ta ɗaki.

Tuminah ta sanar cewa za a gyara wa amarya kwalliya. A ɗaki Bu Sumirah ta wanke hannu tana mita, wai ita ba ta taɓa ganin amarya mai raki irin wannan ba. Kwalayen suna nan a kan tebur inda ta ajiye su, mai rubutun dama a damanta, mai rubutun hagu a hagunta. Ta zauna tana fuskantar Ningrum, ta miƙa hannun dama, ta cire gilashin da ke idon da ke daidai hannun, ta ajiye kusa da kwalin dama. Na dubi idon. Na hagu ne.

Na tambaye ta ko haka ta sa su da safe. Ta ce ƙwarai, dama a dama, hagu a hagu, ai ta iya karatu. Na ce damar wa? Ta buɗe baki, ta dubi hannunta, ta dubi Ningrum.

"To ai duk ɗaya ne," ta ce, amma muryarta ta sauka. "Amarena duk masu launi nake sa musu, ruwan toka, ruwan zuma. Ba su da wata lamba. Ko ka juya su ko ka musanya, duk ɗaya ne."

Amare ɗari biyar, babu ko ɗaya da ta zo mata da dama bakwai, hagu biyu. Na tsaya ina jin wani abu mai kama da sauƙi yana shigata, ashe lambar daidai take, ashe ba katin ba ne. Sai kuma na ji kunyar sauƙin.

Bu Sumirah ta ce yanzu za ta musanya su, minti ɗaya. Idanun Ningrum sun yi jawur. Ta girgiza kai, ta miƙo mini tafin hannu.

"Tabarauna, Bapak."

Bu Sumirah ta roƙe ta, ta ce awa huɗu ta yi, ta ce hotunan nan har jikoki za su gani, ta ce sunanta ne a kan wannan goshi. Tuminah ta goya mata baya da rabin baki. Ningrum ba ta janye hannun ba. Na ciro tabarau ɗin na goge shi da gefen rigata, ta ɗora shi a kan baƙin goshi da ruwan zinariya, ya karkace dama kamar kullum.

Da ta fito, ƙanwar Tuminah ta ce, a'a, ga Ningrum nan, kamar wadda ta sami abin da ta ɓatar. Wasu suka yi gunaguni. Ita ba ta kula kowa ba. Ta tsaya a baranda tana duban Gunadi. Yana tsaye gaban kujerar amare, hularsa ta zame, gumi ya jiƙa masa wuya, akwai sauran ƙwanduwar ƙwai a tsakanin yatsun ƙafarsa. Ba dariya yake yi ba, tsoro ne fal a fuskarsa. Ta sauko matakala ba tare da lalube ba, ta sunkuya ta ɗauki ganyen farko da ya faɗi a fili, wanda aka tattake, ta jefa. Ya same shi a tsakiyar ƙirji. Pakde Harjo ya ce Alhamdulillahi, an wanke shi. Sai a lokacin Gunadi ya yi dariya.

Bayan mako guda na tsallaka titi na faɗa wa Koh Bing komai. Ya dubi kwalayen ya ce lambar ba ta yi nisa ba, ta dama ce za a ɗan rage, da an sa su daidai da Ningrum ba ta sha wahala ba. Na ce to ke nan ni ne da gaskiya, awon ba dole ba ne. Ya ce a cikin awar nan, zaunar da ita zai yi gaban madubi ta sa da hannunta, ta cire, ta sake sawa, har ta san yadda duniya take idan an sa daidai. Wadda ta taɓa ganin daidai, in ji shi, ba za ta yi shiru a kan hazo ba. Na ajiye masa dubu ɗari da hamsin a kan tebur. Ya turo mini su.

"Ka kawo ido ne? Me zan auna, Pak Kasiran?"

Na koma rumfa da kuɗina. Har yanzu idan na zauna sai in jera abubuwan kamar ƙarafan cikin agogo masu haƙora. Lambar daidai take, don haka ban yi kuskure ba. Bu Sumirah ta bi rubutuna, kuma ni ban rubuta damar wa ba. Al'ada ta rufe madubi ta sunkuyar da kan amarya. Koh Bing ya juya wurin mai karyayyen tabarau bai ƙarasa magana ba. Duk sun shiga cikin juna, suna juyawa. Sai ƙaryar da na yi ce kaɗai ta rage a kan tebur, na rasa inda zan sa ta.

Da Ningrum ta zo gida watan jiya ta kawo mini tabarau ɗin in ɗaure mata. Ina ɗaurewa na tambaye ta, ban ɗago kai ba, ko dai a ƙarshe ta sami abin da take so, tun da ta ga fuskarsa.

"Na gan ta, Bapak," ta ce. "Amma ba a lokacin da na ce ba."

Ta karɓa ta sa, ta ce har yanzu a karkace yake.